Manhajojin kwaikwayon sinadaran jiki: aikinsu, da yadda ake neman a ƙunsa su don kowa

A watan Satumba na 2024 hukumomin lafiya na Nijar suka ƙaddamar da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga ƙananan yara, kuma a Gaya aka soma, yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a ƙasar, inda masassara ke addabar jama'a kowace damina. Benin, da ke ƙetaren kogi, ta riga ta fara tun 25 ga Afrilu na wannan shekara, sannan jihar Kebbi ta Najeriya ta biyo baya a watan Disamba da wata allurar mai suna R21.

Shekaru kafin allurar RTS,S ta iso hannun ma'aikatan lafiya na Gaya, an riga an gwada ta a cikin kwamfuta. Tawagogi huɗu, wato cibiyar Swiss TPH ta birnin Basel, da Imperial College ta Landan, da Institute for Disease Modeling ta Amurka, da kamfanin GSK mai yin allurar, kowace ta kwaikwayi yaɗuwar cutar da nata lissafi, suka kwatanta sakamakon a mujallar The Lancet a 2016. Matsakaicin hasashensu shi ne cewa a cikin yara 100,000 da suka karɓi allurar sau huɗu, za a ceci rayuka 484 cikin shekara 15. An fara gwajin fili a Ghana da Kenya da Malawi a 2019, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar a watan Oktoba na 2021.

Manhajar da Swiss TPH ta yi aiki da ita, OpenMalaria, ba a sayar da ita, kowa yana da damar ɗauka ya duba yadda aka rubuta ta. Ƴar gida ɗaya ce da wasu manhajoji da ke kwaikwayon abin da sinadarai ke yi a cikin ƙwayar halitta, domin lissafi iri ɗaya ne ke tafiyar da su. Sai dai ganin Dala ba shiga birni ba ne. Manhaja takan kasance kyauta a intanet amma ɗalibin jami'ar Doso ko mai bincike a Yamai ya kasa ɗora ta a kwamfutarsa. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne aikin da ake kira ƙunshi, paquet da Faransanci, kuma akwai hanyar da kowa zai bi ya nemi a yi shi.

Abin da ake kwaikwaya

Jikin mutum, da na sauro, da na ƙwayar cutar da sauro ke ɗauka, duk an gina su da ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kowace ƙwaya akwai ƙananan gutsattsarin sinadarai da ake kira molekul. Suna yawo, suna karo da juna, wasu su haɗu su zama sabon abu, wasu su rushe. Narkewar abinci, da aikin magani, da yadda ƙwayar cuta ke hayayyafa, duk daga wannan karo da haɗuwa suke.

A ɗakin gwaji na makaranta, yawan molekul ya wuce misali. Giram 18 na ruwa, wato cikin babban cokali da ɗan ɗori, yana ɗauke da molekul da adadinsu ya kai lamba 6 da sifiri 23 a bayanta. Da irin wannan yawa, malamin kimiyya yana iya lissafin matsakaici ya faɗi abin da zai faru, kuma haka zai faru ko sau nawa aka maimaita.

A cikin ƙwayar halitta guda ɗaya lamarin daban yake. Bakteriyar E. coli, wadda ke zaune a hanjin mutum, tsawonta bai wuce kashi biyu cikin dubu na milimita ba, kuma wani furotin da ke kulle mata hanyar cin sukarin madara kwafinsa kusan 10 ne kawai a cikinta. Inda abu ya zama guda goma, ƙarin ɗaya ko ragin ɗaya yana sauya labari. Waɗanne biyu ne za su yi karo, kuma yaushe, babu mai iya faɗa. Abin da ake iya faɗa shi ne yiwuwar faruwarsa.

A 2002 Michael Elowitz da abokan aikinsa suka nuna wannan ƙuru-ƙuru a mujallar Science. Sun sa wa E. coli furotin biyu masu ƙyalli, kowanne da launinsa, a ƙarƙashin umarni iri ɗaya. Da lissafin matsakaici ne ke mulki, da kowace ƙwaya ta fito da launi ɗaya gauraye. Sai aka ga wasu sun rinjaya ta wannan launi, wasu ta wancan, alhali uwarsu ɗaya, abincinsu ɗaya.

Ƙwayar cutar masassara, Plasmodium falciparum, ita ma tana cin moriyar wannan. Tana da ƙwayoyin gado kusan 60 da ake kira var, waɗanda ke ba ta rigar da take sa wa jajayen ƙwayoyin jini. Ɗaya kawai take amfani da shi a lokaci guda, kuma jifa-jifa kaɗan daga cikin ƴaƴanta sukan sauya zuwa wani. Kafin garkuwar jiki ta gama gane rigar farko, wasu sun riga sun sa ta biyu. Haka nan a kowane zagaye, kaso kaɗan ne na ƙwayoyin ke juyewa su zama nau'in da sauro ke ɗauka ya kai wa wani mutum. Wanda ke son fahimtar irin waɗannan abubuwa dole ya yi lissafin da ke ba dace da rashin dace matsayinsu.

Dabarar Gillespie

Daniel Gillespie masanin kimiyyar fizik ne Ba'amurke, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken sojan ruwa ta China Lake a jihar Kalifoniya. A 1976 da 1977 ya wallafa maƙaloli biyu da suka bayyana yadda kwamfuta za ta bi haɗuwar sinadarai ɗaya bayan ɗaya. Ya rasu a 2017, amma har yau dabarar da sunansa ake kiranta.

Tushenta jefa ƙuri'a ne, irin wadda ƴan adashi ke yi don sanin wa zai fara kwasa. A kowane mataki kwamfuta tana jefa ƙuri'a biyu. Ta farko tana ba da amsar yaushe abu na gaba zai faru, ta biyu kuma wane abu ne. Sai ta gyara adadin molekul, ta tura agogo gaba, ta sake jefawa.

Ga misali. A ɗauka wata ƙwayar halitta tana ƙera furotin 2 a minti ɗaya a matsakaici, kuma kowane furotin da ke nan yana da yiwuwar rushewa kashi 1 cikin 10 a minti. In akwai guda 10 yanzu, rushewa tana zuwa sau 1 a minti, ƙira sau 2, jimla 3. Ke nan ana sa ran wani abu zai faru bayan daƙiƙa 20, amma ƙuri'a tana iya ba da 4 ko 50. Ƙuri'a ta biyu kuwa, sau biyu cikin uku za ta faɗa kan ƙira, sau ɗaya kan rushewa. In ƙira ta fito, adadi ya zama 11, a sake lissafi daga nan.

Lissafin matsakaici zai ce adadin zai tsaya a 20. Dabarar Gillespie tana nuna cewa yana kai-kawo ne a kewayen 20, yawanci da bambancin 4 zuwa 5 sama ko ƙasa, wato fiye da kashi 20 cikin 100, wani lokaci ma ya gangara zuwa 10. Da matsakaicin 20,000 ne, da bambancin bai wuce kusan 141 ba, ƙasa da kashi 1 cikin 100, abin da ba wanda zai lura da shi. Gwargwadon ƙanƙantar adadi, gwargwadon ƙarfin dace.

Gudu ɗaya na wannan lissafi labari ɗaya ne daga cikin masu yiwuwa. Don haka ake maimaita shi sau dubu ko dubu goma, a ƙirga sau nawa aka samu kowane sakamako. Wannan yana cin lokacin kwamfuta, shi ya sa masana suka ƙirƙiro hanyoyin hanzartawa. Michael Gibson da Jehoshua Bruck sun fito da tasu a 2000, shi kansa Gillespie ya kawo wata a 2001 wadda ke tsallake ƙananan matakai da yawa a lokaci guda.

Daga ƙwayar halitta zuwa ƙauye

In aka cire molekul aka sa mutane, lissafin bai canza ba. Mai lafiya ya haɗu da mai cuta, ya kamu: wannan tamkar haɗuwar sinadari biyu ne. Mai cuta ya warke: tamkar rushewa ne. Saboda haka manhajar da aka rubuta don sinadarai ana iya kwaikwayon annoba da ita.

A ɗauka wata cuta ce da kowane mai ita ke shafa wa mutum 2 a matsakaici, a garin da ba wanda ke da kariya. Lissafin matsakaici zai ce annoba ta tabbata: 1, 2, 4, 8. Lissafi mai ƙuri'a, a siffarsa mafi sauƙi, yana cewa in mutum ɗaya ne ya shigo da ita, rabi da rabi ne: tana iya mutuwa tun ba ta yi nisa ba, domin mai yiwuwa ya warke kafin ya shafa wa kowa. In mutum uku suka shigo da ita tare, yiwuwar mutuwarta ta koma 1 cikin 8. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙauyuka biyu maƙwabta, masu shan ruwa ɗaya da cin kasuwa ɗaya, ɗaya ya sha fama, ɗaya ya tsira, ba tare da wani ya fi wani tsafta ba.

Masanin lissafi ɗan Ingila Maurice Bartlett ya yi irin wannan bincike a kan ƙyanda, wadda ake kira dusa ko baƙon dauro. A 1957 ya nuna cewa a garin da mutanensa ba su kai 250,000 zuwa 300,000 ba, cutar takan mutu da kanta bayan annoba, sai wani ya sake shigo da ita daga waje.

Nijar ce ta nuna cewa wannan adadi ba ya aiki ko'ina. A 2008 mujallar Nature ta wallafa binciken Matthew Ferrari da Bryan Grenfell da abokan aikinsu, ciki har da masu bincike na Epicentre da Ali Djibo na ma'aikatar lafiya ta Nijar, a kan alƙaluman ƙyanda na Yamai na shekaru masu yawa. Birnin ya ninka adadin Bartlett, amma duk da haka cutar takan ɓace da damina, a yi shekaru shiru, yaran da ba a yi wa allura ba su taru, sannan ta dawo da ƙarfi, kamar annobar 2003 zuwa 2004 da ta kama fiye da mutum 10,000. A 2011 Nita Bharti da tawagarta suka yi amfani da hotunan hasken dare na tauraron ɗan'adam a kan Yamai da Maraɗi da Damagaram, suka nuna cewa yaɗuwar cutar tana bin cin rani: birane su cika da rani, su ragu in manoma sun koma gona. Darasin da ke ciki shi ne shekarun shiru ba su nufin an rabu da cutar.

Ƙaramar hukuma irin Tanda, da ke bakin kogin Kwara a gundumar Gaya, ƙauyuka ne masu mutum ɗaruruwa ko ƴan dubbai, kusa da Malanville ta Benin da Kamba ta Najeriya, inda mutane ke shige da fice don kasuwa da zumunci. A wuri irin wannan adadin masu cuta a mako yana iya zama 0 ko 3 ko 12, kuma cuta tana iya mutuwa a wannan gaɓa ta dawo daga waccan. Yanayin da aka ƙirƙiro lissafi mai ƙuri'a dominsa ke nan.

Manhajojin da ake da su

Akwai su da dama, kuma galibi jami'o'i ne suka rubuta su. COPASI ta fito daga haɗin gwiwar tawagar Pedro Mendes da ta Ursula Kummer, an gabatar da ita a 2006, tana da tagogi da maɓallai yadda wanda bai iya rubuta manhaja ba zai iya aiki da ita, kuma tana yin lissafin matsakaici da mai ƙuri'a duka. StochKit ta tawagar Linda Petzold ce a jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, daga zuriyarta kuma aka samu GillesPy2 ga masu aiki da harshen kwamfuta na Python. Masu aiki da harshen R suna da GillespieSSA, wadda aka bayyana a 2008. Cain, wadda Sean Mauch ya rubuta a Caltech, tana daga cikin waɗanda suka taɓa shiga ma'ajiyar Debian. Smoldyn kuma tana bin kowace molekul har da wurin da take a cikin ƙwayar.

Don kada kowace manhaja ta riƙa magana da yarenta, masana suka amince da tsarin rubutu ɗaya mai suna SBML, wanda aka bayyana a 2003. Samfurin da aka rubuta da shi ana iya buɗe shi a manhajoji daban-daban, kuma rumbun BioModels yana ajiye irin waɗannan samfurori kyauta. A ɗaya ɓangaren akwai na kuɗi, irin SimBiology da ke tafiya a kan MATLAB, wadda sai an sayi lasisi.

Kyauta daban, ƴanci daban

Abin da Faransawa ke kira logiciel libre ya samo asali daga shirin GNU da Richard Stallman ya sanar a 1983. Manhaja tana zama mai ƴanci in ta ba mai amfani dama huɗu: ya yi aiki da ita don kowace manufa, ya karanta asalin rubutunta ya gyara, ya ba wani kwafi, ya kuma rarraba gyaran da ya yi. Manhajar da ake saukewa ba da kuɗi ba amma aka ɓoye rubutunta, ko aka hana bayar da ita, ba ta cikin wannan sahu.

Ga harkar lafiya wannan yana da nauyi. In aka kawo wa ma'aikata hasashen da aka yi a ƙasar waje, aka ce a kansa za a tsara rabon magani, masanin ƙasa yana da haƙƙin tambayar wane zato aka gina lissafin a kai: wata nawa damina, sau nawa sauro ke cizo, yara nawa ke zuwa asibiti. Da manhaja mai ƴanci yana iya buɗewa ya gani, ya sa alƙaluman yankinsa, ya sake gudanarwa. Irin wannan manhaja ba baƙuwa ba ce a nan: DHIS2, wadda jami'ar Oslo ke jagorantar gina ta, ita Nijar da Najeriya da Benin ke tattara alƙaluman asibitoci da ita.

Mene ne ƙunshi

Asalin rubutun manhaja kamar shinkafa ce shanshera. Abinci ce, amma sai an kai ta inji, an sheƙe, an auna, an zuba a buhu kafin ta shiga tukunya. Rubutun da mai bincike ya ajiye a intanet sai an juya shi zuwa abin da kwamfuta ke ganewa, kuma yawanci yana dogara da wasu manhajojin, kowace da sigar da ta dace da ita. In ɗaya ta ɓata, aikin ya tsaya da saƙon kuskure da Turanci, wanda ko malami yana iya kwana biyu a kansa.

Mai ƙunshi shi ne wanda ke yin wannan wahala sau ɗaya a madadin kowa. Yana juya rubutun, ya jera duk abin da manhajar ke buƙata, ya tantance lasisin kowane fayil, ya gwada, ya sa ta a ma'ajiya mai sa hannun tabbatarwa. Bayan haka mai amfani umarni ɗaya zai rubuta, apt install da sunan manhajar, komai ya sauka ya zauna a wurinsa.

Babbar ma'ajiyar irin wannan ita ce Debian, wadda Ian Murdock ya kafa ranar 16 ga Agusta 1993, kuma ƴan sa-kai ne ke tafiyar da ita. Debian 12, da ta fito a watan Yuni na 2023, ta zo da ƙunshi fiye da 64,000. Tun 2002 akwai reshe mai suna Debian Med, wanda Bajamushe Andreas Tille ya soma, mai kula da manhajojin likitanci da ilimin halittu. Ubuntu, da ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004, daga Debian take ɗibar yawancin ƙunshinta. Haka ma Emmabuntüs, wadda wata ƙungiyar Faransa ke ɗorawa a tsofaffin kwamfutoci, har aka buɗe ɗakunan koyon kwamfuta da ita a Togo. Abin da ya shiga Debian yakan gangaro zuwa waɗannan duka.

Amfanin wannan ya fi fitowa inda rezo ke wasa. Layin fiba da ya haɗa Yamai da Doso ta Gaya yake bi ya shiga Benin, ya kai ga kebul ɗin SAT-3 na ƙarƙashin teku a Kotonu. Da wannan kebul ya lalace a ƙarshen Yuli 2009, Nijar ta shiga cikin ƙasashen da intanet ɗinsu ya yanke, kuma haka aka sake gani ranar 14 ga Maris 2024 da kebul da dama suka katse a gaɓar Kodebuwa. Manhajar da ke cikin ƙunshi ana iya sauke ta sau ɗaya, da duk abin da take buƙata, a zuba a kile USB, a ɗora wa kwamfuta talatin ba tare da intanet ba. Akwai ma manhaja ta musamman don haka, apt-offline. Ajin da ya dogara da shafin intanet kuwa, ranar da rezo ya ɗauke darasi ya tashi.

Akwai kuma batun maimaita bincike. Ƙuri'ar kwamfuta daga wata lambar farawa take tashi. Mutum biyu da suka sa lamba ɗaya a siga ɗaya ta manhaja ɗaya suna sa ran sakamako ɗaya. Ƙunshi yana tabbatar da cewa sigar da ke Yamai ita ce ke Basel.

Yadda ake shigar da buƙata

Ba sai mutum ya zama memba na Debian ba, ba kuma a biyan ko dala. Debian tana da rajista mai suna WNPP, inda ake rubuta manhajojin da ake so a ƙunsa da waɗanda suka rasa mai kula. Matakin farko shi ne a duba ko manhajar tana ma'ajiya, ko wani ya riga ya nema. In babu, sai a buɗe manhajar reportbug a rubuta wnpp, a zaɓi RFP, wato roƙon a yi ƙunshi. Ana iya aikawa ta imel ma. Da Turanci ake rubutawa, amma gajere ne.

Abubuwan da ake cikawa su ne sunan manhajar, sigarta, wanda ya rubuta ta, adireshin da asalin rubutun yake, lasisinta, harshen kwamfutar da aka yi ta da shi, da bayanin aikinta a layi ɗaya sannan a sakin layi. Buƙatar da ta fi jan hankali ita ce wadda ta faɗi dalili: me manhajar ke yi da waɗanda ke ma'ajiya ba su yi, waɗanne manhajoji ta dogara da su, su wa za su yi aiki da ita, kuma ko mai roƙon zai taimaka da gwaji. Ga manhajar ilimin halittu, yana da kyau a sanar da tawagar Debian Med kai tsaye.

In wani ya ɗauki aikin, sai ya sauya alamar daga RFP zuwa ITP, wato ya yi niyyar ƙunsawa. Da ya gama, ƙunshin yana jiran layi har masu tsaron ma'ajiya su tantance lasisinsa. Daga nan ya shiga sashen gwaji na farko, ya wuce na biyu, sannan ya fito a tabbatacciyar Debian ta gaba, wadda ke fitowa kusan duk shekara biyu. Mai gaggawa ya san da wannan tun farko.

Abin da ke hana buƙata cika

Roƙo ba ya wajabta wa kowa komai. Akwai dubban buƙatu a rajistar, wasu sun shekara da shekaru ba wanda ya taɓa su, saboda masu aikin ƴan sa-kai ne.

Cikas na farko lasisi ne. Ƙa'idojin Debian na 1997 sun hana nuna bambanci ga mutum ko ga fannin aiki. Manhajar da aka rubuta mata cewa don binciken jami'a kawai, ko ban da kasuwanci, ba ta shiga babban sashen ma'ajiya. Wadda ba a rubuta mata lasisi ba sam ta fi wannan matsala, domin doka ta bar duk haƙƙi a hannun marubucinta. Sau da yawa wasiƙa mai ladabi zuwa ga marubucin tana warware wannan.

Na biyu shi ne dogaro. Manhaja ɗaya tana iya buƙatar wasu biyar da ba su cikin ma'ajiya, kowace sai an yi mata nata ƙunshi.

Na uku shi ne tsufa. Yawancin manhajojin bincike ɗalibin digiri na uku ne ke rubuta su, in ya gama ya kama wani aiki sai a bar su. Da aka daina kula da Python 2 a farkon 2020, Debian ta cire manhajoji da yawa da ba a sabunta ba, kuma Debian 12 ta fito babu Python 2 gaba ɗaya. Shiga ma'ajiya ba zama na har abada ba ne, sai da mai kula.

Wanda buƙatarsa ta daɗe yana da mafita biyu. Yana iya duba wasu ma'ajiyoyin, CRAN ta R, ko PyPI ta Python, ko Bioconda, waɗanda shigarsu ta fi sauƙi ko da yake sun fi dogara da intanet a lokacin ɗorawa. Ko kuma ya koyi yin ƙunshin da kansa, ya nemi wani memba na Debian ya duba ya shigar masa. Da yawa daga cikin masu kula da ƙunshi ta wannan ƙofa suka shigo, kuma ƙofar ba ta Turawa kaɗai ba ce: an yi babban taron Debian a Kef Tawun a 2016, kuma Jonathan Carter na Afirka ta Kudu ya shugabanci aikin daga 2020 zuwa 2024.

Inda abin ya shafi jihar Doso

Nijar tana da wuraren da wannan aiki zai zauna: cibiyar binciken lafiya ta CERMES da jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da jami'ar Doso, wadda aka kafa a 2014 kuma ta mai da hankali ga fasahar sadarwa da kwamfuta. Samfurin sinadarai kaɗan, ko na ƙauye ɗaya, ba ya buƙatar babbar na'ura, tsohuwar kwamfutar hannu ta isa. Ɗalibin da ya ɗauki ƙunshi ɗaya ya kula da shi yana samun horo daga ƙwararru na ƙasashe da yawa ba tare da biza ko kuɗin jirgi ba, kuma sunansa yana cikin rajistar da kowane mai ɗaukar ma'aikata zai iya dubawa.

Sai dai kwaikwayo yana da iyaka, kuma bai kamata a ɗauke shi a matsayin duba ba. Ba ya faɗin wane yaro ne zai kamu, yana faɗin sau nawa cikin dubu abu kaza zai faru in zaton da aka yi daidai ne. Ingancinsa yana rataye ga alƙaluman da aka zuba masa, su kuma daga rajistar CSI da ƙananan ɗakunan shan magani na karkara suke fitowa. Yaron da aka yi wa magani a gida bai shiga ƙidaya ba. Wanda aka ƙetara da shi Malanville ko Kamba ya shiga ta wata ƙasa. In ma'aikaciyar jinya a Tanda ta cika rajistarta daidai, da kwanan wata da shekarun yaro da sakamakon gwajin jini, ta ba masu lissafi abin da babu manhajar da za ta ƙirƙiro musu. Iyaye kuma, cika wa yaro allurai huɗu na RTS,S shi ne sharaɗin da aka gina wancan hasashe na rayuka 484 a kansa.